Liƙin da Na Yi wa Walida

Zuwa ga Dakta Bilkisu, maman Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na kawo miki ƙarar kaina. Na san ba karantawa za ki yi ba. Amma tunda bidiyon abin da na yi ya gama zaga wayoyin 'yan Najeriyar unguwarmu ta Setapak, har da waɗanda ko gaisawa ba ma yi, gara in gaya miki a gaban kowa yadda abin ya faru.

Kin san ni. A sakandare na tsaya, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Da aka ba ki gurbin digiri na uku a ƙasar nan, na rufe shagona na Kwari na biyo ki, mutane suna kirana ɗan rakiya. Da 'yan kwalayen kayan gyaran mota na fara. Yau kwantenoni nake lodawa a tashar jiragen ruwa ta Klang, masu digiri ke yi min aiki. Na kawo wannan ne don ki tuna irin mutumin da kika bar wa 'yarki, wanda bai saba a koya masa yadda ake zama a wuri ba.

Ranar da Walida ta dawo daga makaranta da akwatin gogen Turawa, kin tuna abin da na ce. Na ce ban haifi maroƙiya ba. A gidanmu mai goge a ƙofar gida yake tsayawa, a sallame shi ya tafi. Kika ci gaba da yanka albasa. Daga nan duk Asabar sai ku hau jirgin ƙasa ku tafi darasi, ni ina wurin mamak, masu shayin ƙasar nan, ina shan shayi da abokai. In kun dawo ki ce, "Alhaji, yarinyar nan fa tana da hannu." Ni kuma in ce Allah Ya sa hannun ya iya tuƙa tuwo.

Bayan rasuwarki ta shiga jami'a, sashen kiɗa. Ban hana ba, don kin sa na yi alkawari a asibiti. Amma in tana gwaji a ɗakinta, ƙara muryar talabijin nake yi.

Watan jiya na dawo gida da wuri, da gurasar roti a leda. Daga bakin ƙofa na ji tana jan wani abu a hankali, ƙasa-ƙasa, irin yadda kike cewa "Alhaji" daga kicin in ba kya son maƙwabta su ji. Na tsaya da makulli a hannu har rotin ya huce. Ban gaya mata na ji ba.

A satin ta ce min jarrabawarta ta fita ta zo. Za su yi kiɗa a zauren jami'a, ita da goge, ƙawarta Mei Ling da fiyano, malamai na zaune suna ba su maki su biyun. Yadda ta faɗa, kin ga ba ta sa ran zan je ba. Na ce mata zan duba. Washegari na wuce banki na karɓo sababbin takardun kuɗin ringgit, na kai farar shaddata wanki. A raina na ce ranar kowa zai san yarinyar nan tana da uba.

A mota, muna hanyar zauren, ta fara yi min bayanin yadda ake yi. Sai wayar wakilina na Klang ta shigo. Na ɗaga mata hannu ta dakata. Har muka isa ban kashe wayar ba.

Dakta, ke kin san irin wurin, ni ban sani ba. Sanyi kamar firji, ba sanƙira, ba mai gabatarwa, mai tari ma toshe baki yake yi. Su biyu kawai a kan dandamali. Ban taɓa ganin mutum biyu suna sauraron juna haka ba. Walida ta ja numfashi, Mei Ling ta sauke yatsu, kamar ƙirji ɗaya gare su. Suka gama kashin farko, ba wanda ya tafa. Na ce to, wataƙila ba su ɗumama ba tukuna. Suka shiga na biyu, ashe shi ne wanda na ji a bakin ƙofa. Ta ja shi har ƙarshe, idonta a rufe, sandar gogen tana sama ba ta sauke ba. Zauren ya sake yin tsit.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce don baƙa ce, don baƙuwa ce, shi ya sa suka riƙe hannayensu. Ban san cewa kiɗan kashi-kashi ne ba, kuma shirun da ke tsakani a cikin kiɗan yake, ba a taɓa shi. Abin da take son gaya min a mota ke nan.

Na miƙe. Kin san ƙarar sabuwar shadda. Na hau dandamali na fara liƙa mata a goshi, kamar yadda babban mutum ke yi wa wanda ya burge shi. Don kada a ce na nuna bambanci, na juya na yi wa Mei Ling ma. Takarda ɗaya ta faɗa cikin fiyanon. Wani ya yi dariya a baya. Wata ma'aikaciya ta zo ta nuna min matakala cikin ladabi, ladabin da ya fi mari ciwo.

Walida ba ta kalle ni ba. Ta gyara gogen a wuyanta, suka shiga kashin ƙarshe, mai sauri. A tsakiya kiɗan ya suɓuce wa hannunta, ta tsaya. Mei Ling ta ɗan ci gaba ita kaɗai, sannan ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

A wurin ajiye motoci, yarinyar da kullum da Turanci take amsa min ta yi min Hausa tsantsa. Ta ce, "Abba, ai kai ka ce ba ka haifi maroƙiya ba." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta bi Mei Ling zuwa gidansu a Cheras, tana can har yau.

Na je wurin shugabar sashen. Na zauna a benci cikin ɗalibai har aka kira ni. Da Turancina na kasuwa na ce mata laifin nawa ne, yaran ba su san zan tashi ba, kada a kayar da 'ya'yan mutane saboda jahilcina. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, ni da bakina. Malaman suka zauna, suka yarda a sake jarrabawar ranar Alhamis bayan la'asar. Da zan fita ta miƙo min ambulan. Takardun da na liƙa ne, har da wadda aka zaro daga cikin fiyanon.

Ki yafe min, Bilki. Shekarun da kika yi kina hawa jirgi da ita, kina riƙe mata akwati, na tattake su da takalmina a gaban malamanta. Ba ƙiyayya ce ta tayar da ni ba, Allah Ya sani. Sai dai ko a ranar da na je girmama ta, kaina na so a gani.

A wurin biki in na zarce da liƙi, ke ce kike jan gefen rigata ta ƙarƙashin tebur, ba wanda ya sani. Ranar nan kujerar da ke gefena ba kowa.

Mei Ling, Allah Ya yi mata shiriya da alheri, ta turo min kiɗan a waya. Shi nake sawa daga gidanmu a Danau Kota zuwa Klang, in dawo da shi. In an zo wurin shirun sai in riƙe sitiyari in bar shi ya wuce. Ashe ba shi da tsawo ma. Ni ne ban iya jira ba.

Kullum ina tura wa Walida saƙo, ba amsa. Jiya na tambaye ta ko zan iya zuwa ranar Alhamis, na ce in ta ce a'a ba zan ji haushi ba. Sai da yamma ta rubuto, ta fara da yadda mutanen nan ke cewa an yarda: "Boleh. Layin baya, kusa da ƙofa, nan Mama take zama a duk zauren da na yi kiɗa. Kada ka tafa sai Mei Ling ta miƙe."

Ban san nan kike zama ba. Yanzu na sani.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan haƙurin da kika yi da ni. Allah Ya riƙe hannun 'yarmu ranar Alhamis har ta kai ƙarshe. Ni kuma Ya riƙe nawa. Zan sa tsohon kaftanin nan ruwan toka da ba ya ƙara, zan kashe waya tun daga gida, walat kuwa a mota zan bar shi.

Naki har gobe,
Ɗan rakiyarki, Abban Walida