Ba sanyi ba ne

Laraba da dare, Kafanchan

Likita ta ce ƙaiƙayin nan da farin da ya fito min a gaba ba ciwon sanyi ba ne. Ciwon fata ne, garkuwar jikina ce ke faɗa da fatata. Ba a ɗaukarsa wajen miji, ba a ɗaukarsa a bayi. Ta ce masu bincike suna zargin ana iya gadonsa a jini, amma ba su tabbatar ba tukuna.

Shekara da shekaru ina shan maganin sanyi, ina juya wa mijina Baban Grace baya. Na zaci zan yi kuka. Ko ɗigo bai zo ba.

Na kira Mama a Madakiya. Da ta ji "jini" sai ta hau kiran sunan Yesu, ta ɗauka ƙanjamau ne. Na yi mata bayani a hankali. 

"Ashe yana da suna," ta ce. "Tun kina goye nake zama cikin ruwan gishiri saboda ƙaiƙayin nan. Babanki ya mutu ban yafe masa ba."