Alhakin Gwiwar Nafi'u Yana Wuyan Wa?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Guguwar Fadama, Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara girma da lafiya.

Sunana Lawali, manomi daga Dakko ta ƙasar Bakura. Ni ne yayan Nafi'u, ɗan wasan bayanku, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mahaifinmu ya rasu ni nake riƙe da shi. Ba baƙi ba ne mu a wurinka, Alhaji, don tare da mahaifinmu kuka yi fataucin shanu, kuma a zauren gidanmu ka sha cin tuwo. Shi ya sa rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ya yi mini nauyi ƙwarai. Amma na yi sawu a ƙofar gidanka har masu gadi sun gaji da ni. Yau a ce kana Gusau, gobe a ce kana hutawa. Ranar da Allah ya haɗa mu a ƙofar masallaci, ka dafa kafaɗata ka ce, "Ƙaddara ta, Lawali, a yi haƙuri," ka shiga mota. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai Nafi'u yana kwance a gida da gwiwar da ba ta iya ɗaukarsa zuwa bayan gida, likita ya ce sai an yi masa aiki, kuma har yau babu mutum ɗaya a ƙungiyarku da ya yarda yana da hannu a ciki. Ga abin da na gani da idona.

Na ɗaya. Kun sa gasa a tsakiyar damina, kun kuma tsananta atisaye kamar yaran nan ba su da wani aiki a duniya sai ƙwallo. Kocinku mutumin birni ne, ban ce bai san aikinsa ba, amma lissafinsa daga bakin fili yake farawa. Bai taɓa tambayar abin da ƙafafun nan suka yi kafin su iso ba. Nafi'u tun bayan sallar asuba yana duƙe a gona da garma, don yanzu gonakinmu na nesa ba su shiguwa saboda rashin tsaro, wadda ke kusa da gari ita ce abincinmu gaba ɗaya. Rana ta take, ya watsa ruwa, ya sha fura a tsaye, ya hau kabu-kabu a kan hanyar da ruwa ya cinye har Talata Mafara. Yana sauka a ce ya zagaye fili, ya yi tsalle, ya hau tudu da gudu. Na yi wa koci magana sau ɗaya cikin ladabi. Ya yi dariya, ya ce ai noma ma motsa jiki ne, 'yan ƙauye ba su san gajiya ba. To, sun san ta. Faɗinta ne ba su iya ba.

Na biyu. A wasan da kuka je Maradun, Nafi'u ya yi tsalle ya dira ba daidai ba, gwiwarsa ta dama ta gurɗe. Ina wurin. Kafin mu iso gida ta kumbura har wando ba ya shiga. Wanda kuke kira jami'in lafiyar ƙungiya, kowa a gari ya san shagon kemis yake tsaro, kuma kowa ya san ɗan wane ne a gidanku. Ban raina sana'arsa ba, ni ma a wurinsa nake sayen maganin zazzaɓi. Amma abin da ya yi shi ne ya murza gwiwar da man zafi har yaro ya ciji hannun rigarsa, ya ɗaure da bandeji, ya ce kwana biyu za ta sace. Ba a kai shi asibiti ba, ba a ɗauki hoto ba, ba a ce ya huta ba. Kumburin bai gama sauka ba koci ya aiko a ce masa wanda bai zo atisaye ba ya manta da wasa na gaba. Ya tafi yana ɗingishi, yana ɓoye ɗingishin in ya hango mutane.

Na uku, kuma a nan ne ciwon yake. Kuna da wata al'ada da kuke alfahari da ita. Kafin kowane babban wasa sai a jera 'yan wasa a bakin fili, kai da kanka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da babbar riga da 'yan rakiya, makaɗa suna kiɗa, 'yan kallo suna ihu. Ka kama hannun yaro ka tambaye shi ko zai iya. Wannan shi ne duk gwajin lafiyar da ake yi a ƙungiyarku. Ranka ya daɗe, a nan ƙasar aka haife ka. Wane yaro ne mai tarbiyya, abokin ubansa ya riƙe hannunsa a gaban gari guda, zai ɗaga ido ya ce ba zai iya ba? Mu da aka koya mana ko ƙaya ta soke mu a gaban babba mu shanye? Ranar wasan kusa da na ƙarshe ina tsaye bayan igiya, ina kallon bakinsa. Ka ce, "Ɗan Malam, kana iyawa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina iyawa, Baba, babu komi." A lokacin allurar kashe zafi tana jikinsa, an yi masa ita a bayan motar ƙungiya, shi ma daga baya ya gaya mini. Ko ƙafar a hannu yake riƙe da ita, amsar da zai ba ka ke nan, kuma ina jin ka sani.

Na huɗu. Bai kai hutun rabin lokaci ba. Babu wanda ya taɓa shi. Ya juya zai bi ƙwallo, ƙafar ta tsaya, jikin ya tafi, ya zube. Daga inda nake na ji ihunsa, ni da ban taɓa jin kukansa ba tun yana ƙarami. Abokan wasansa suka ɗauke shi a hannu, don ko abin ɗaukar majinyaci ba ku da shi. Aka ajiye shi a inuwar mota, aka ci gaba da wasa. Kun ci, na taya ku murna. Ni na goya shi a babur zuwa Bakura, wani maƙwabcinmu yana riƙe da shi ta baya, duk ramin da muka faɗa sai na ji farcensa a cikina.

Daga nan aka fara wanke hannu. Koci ya ce shi ba likita ba ne, an ce masa yaro lafiya lau. Mai kemis ya ce shi ba ya zaɓen 'yan wasa, allura kawai aka ce ya yi. Sakatare ya ce ba ya gari. Kai kuma ka ce a gaban kowa ka tambaye shi, da bakinsa ya ce zai iya. Ka ga ke nan laifin ya zagaya ya zagaya, bai sami wurin zama ba sai a kan wanda ke kwance. Wallahi wannan ya fi raunin ƙona mini rai.

Da muka samu muka kai shi babban asibiti aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke gaba ɗaya. Ya ce alamu sun nuna tun raunin farko ta taɓu, kuma da an bar shi ya huta, da wuya abin ya kai haka. Ya ce aiki ne kaɗai mafita, kuma duk jinkirin da aka yi gaɓar tana ƙara lalacewa. Ba maganar komawa ƙwallo nake yi ba, Alhaji, wannan na cire rai. Maganar ko zai sake duƙawa a gona nake yi. Yaro ne da bai daɗe da aure ba, matarsa tana da tsohon ciki. Bana ni kaɗai na yi girbi, abin da na kasa kaiwa gare shi tsuntsaye suka cinye. Mahaifiyarmu kullum tana zaune kusa da shi tana jan carbi tana kallon ƙafar. Abin da muke da shi na sayarwa mun sayar a kan zirga-zirgar asibiti, aikin kuwa ya fi ƙarfinmu.

Saboda haka ga roƙona, kuma a gaban jama'a nake yin sa.

Ƙungiya ta ɗauki nauyin aikin gwiwar Nafi'u da jinyarsa, yanzu, ba bayan gasa ba. A rigarku ya faɗi.

A daina tambayar yara a gaban taro. In kana son ka gaisa da su, ka gaisa, ka sa musu albarka, muna so. Amma wanda zai ce yaro zai buga ko ba zai buga ba, ya zama ma'aikacin lafiya na gaske, ya duba shi a keɓe da hannunsa da idonsa, kuma in ya ce a'a, kada koci ko shugaba ya tsallake maganarsa. A hana allurar nan kafin wasa. A kuma riƙa sassauta atisaye lokacin noma, don akwai yaran Dosara biyu a cikin ƙungiyarku da na ga suna tafiya irin tafiyar da Nafi'u ya yi kafin ya faɗi.

Sannan wani a cikinku ya fito ya ce, ni ne na yi kuskure. Ba kotu nake nema ba, ba kuma na neman a kori kowa. So nake ƙanena ya daina kwana yana zargin kansa.

Nafi'u bai san na rubuta wannan ba. Da ya sani da ya hana ni, don har gobe ba ya son a faɗi laifinka a gabansa. Kullum in na dawo daga kasuwa sai ya tambaye ni ko an ajiye masa rigarsa mai lamba huɗu, wai koci ya yi masa alkawari. Ran Talatar da ta wuce na bi ta bakin filinku, na gan ta a jikin wani yaro, har an rage mata hannu don ta yi masa daidai. Na dawo ya tambaye ni, na ce ban bi ta can ba. Ba zan iya gaya masa ba, Alhaji. Ka san hanyar gidanmu. Ka zo ka zauna kusa da ƙafar nan, ka gaya masa da bakinka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka 'ya'yanka daga irin wannan kwanciya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu gama da duniya babu haƙƙin kowa a wuyanmu.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa da ɓacin rai,
Lawali, yayan Nafi'u,
Dakko, Bakura.