Inna Ta Yi Shiru

Berekalya, 11 ga Mayu, 1998

Zuwa ga ƙanwata Aranka,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya a Jamus, ke da tsohuwar da kike jinya. Mu nan sai godiya. Mijina Gergo yana gaishe ki, ya ce takalmin da kika aiko ya yi masa yawa, amma ya cusa jarida ya sa abinsa.

Taron zumuntar mata ya zo ya wuce. Ƙauyuka tara suka hallara a cocinmu, motocin bas uku har bakin rijiya. Tun da aka ɗora mini shugabancin zumunta ban taɓa shan aiki irin wannan ba. Kwana biyu muna naɗe nama a ganyen kabeji, yatsuna har yanzu tsami suke yi. Kan maganar taron shi ne waƙa, tunawa da bangaskiya, kuma mai jawabi wata Uwargida Sharolta ce daga birnin Kolojbar, mace mai ilimi, da tabarau da jaka. Matar Fasto ta aro mana piyano na lantarki da lasifika. Mako uku na yi ina koya wa matanmu waƙa irin ta birni, da sauri, kowa da takardarta a hannu, don kada mu ja baiti ɗaya har miya ta huce baƙi su ce ƙauyawa ne. Kin dai san halinmu.

Kin tambayi lafiyar Inna. Tana ci, tana barci. Har yanzu ba ta san ni ba, "baiwar Allah" take ce mini. Na kai ta taron, ta gaji, na mai da ita gida da wuri. Kwanakin nan ta ɗan yi shiru, ina jin sauyin yanayi ne.

Ki huta lafiya. Yayarki,
Etelka

*

Berekalya, 14 ga Mayu

Aranka 'yar Rozal,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ni ce Goggo Yolan ta bayan coci, ƙawar uwarki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa, tabarau kuma jikata ta zauna a kai.

Na san yayarki ta rubuto miki, don na gan ta a gidan waya, kuma na san abin da ba ta rubuta ba. Shekara arba'in uwarki ce mai ba da baiti a cocin nan. Tun lokacin da littafin waƙa ɗaya ne a ƙauyen, ita ce take tashi ta faɗi layi da ƙarfi, mu kuma mu ɗauka mu ja shi a hankali, ta sake faɗin na gaba. Da haka muka aurar, da haka muka binne, har ubanku. Yanzu ta manta sunana, ta manta ƙofar gidanta, amma kullum in na leƙo da hantsi sai na tarar tana ba da baiti ita kaɗai a bakin taga, ko kalma ɗaya ba ta ɓacewa. In na amsa mata sai ta dube ni ta yi murmushi. Nan ne kaɗai muke samun Rozal.

To, tun ranar taron nan ba ta sake ba. Yau kwana biyar. Na zauna gabanta na fara mata, sai ta sa hannu ta rufe bakinta da kanta.

Ki tambayi Etelka wa ya koya mata haka. Ni ba zan faɗa ba, ba na gulma.

Allah ya tsare ki a ƙasar mutane. In za ki aiko da abu, maganin gwiwa.

Goggonki,
Yolan

*

Ulm, 23 ga Mayu

Yaya Etelka,

Ina gaishe ki da Gergo. Wasiƙarki ta zo ranar Talata, ta Goggo Yolan ta zo ranar Juma'a, na shimfiɗa su a kan tebur na karanta su tare.

Sauyin yanayi, ko? Kin cika mini takarda da kabeji da motocin bas, Inna kuwa layi uku. Me kika yi mata? Kada ki zagaya da ni, ni ba matar Fasto ba ce da za ki yi wa murmushi. Tun muna yara haka kike, in baƙi za su zo sai ki ɓoye tukunyar tuwon masara a ƙarƙashin gado, wai kada a ga abin da muke ci.

Kin san abu ɗaya ya rage mata. Ranar da na kira gidan Fasto a Kirsimeti aka kawo ta kan waya, ba ta san muryata ba, sai da na faɗi layin farko ta karɓe ta kai har ƙarshe. Da wannan nake rayuwa a nan tun wata biyar. In kin kashe mini shi, Yaya, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ina jiran amsa.
Aranka

*

Berekalya, 2 ga Yuni

Ƙanwata Aranka,

Ina gaishe ki. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina jefa ta a murhu. Ga ta huɗu, ba zan sake karantawa ba.

Da safen ranar na yi wa Inna wanka, na sa mata baƙin siket ɗinta mai naɗi da ɗankwalin siliki, na zaunar da ita a gurbinta na benci na gaba. Na ce a raina baƙi za su ga mun iya riƙe tsofaffinmu. Uwargida Sharolta ta yi jawabi mai kyau, wai waƙar da uwa ta yi wa ɗanta ita ce addu'ar da ba ta barin mutum. Kowa na gyaɗa kai, ni ma ina gyaɗawa. Sai na karɓi makirufo na sanar da waƙa, matar Fasto ta danna piyano, muka tashi da sauri yadda na koyar.

Ba mu kai rabin baiti ba Inna ta miƙe. Ta kama bakin benci ta faɗi layin da muryar nan tata da ake ji har maƙabarta. Kafin in ƙifta ido tsofaffinmu duka sun sauke takardunsu sun bi ta. Mako uku na wahala ya tafi a banza. Piyano na gudu, su suna ja, baƙi sun rasa wanda za su bi. Matar Fasto ta yi ja har kunne. Wasu 'yan mata na ƙauyen ƙetare suka fara ƙunshe dariya, ɗaya ta ce, "Kaka ta ƙwace taro!"

Aranka, kaina ya ɗau zafi. Na tafi na ja siket ɗinta ta faɗa kan benci. Ta buɗe baki za ta ba da layi na biyu, na sa tafin hannuna na rufe. Na ce, "Inna, yi shiru, kin ba mu kunya." Na ɗauka raɗa na yi. Makirufo yana ɗaya hannun nawa.

Lasifika ta kai maganar kowane lungu na coci. Goggo Yolan ta ce daga bayana, "Allah ya gafarta miki, Etelka," ita ma kowa ya ji. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta saman yatsuna kamar yaron da aka mara bai san laifinsa ba. Na ji laɓɓanta suna motsi a tafina, sannan suka tsaya.

Akwai saura. Lokacin cin abinci Uwargida Sharolta ta same ni a bayan kicin. Ta buɗe jakar nan tata ta nuna mini rikoda ta ɗaukar murya. Ta ce, "'Yar'uwa, ina tsohuwar? Don ita na karɓi gayyatarku. An gaya mini ƙauyenku ne kaɗai ya rage da ake ba da baiti a yankin nan." Na ce ta gaji, tana gida. Ta ce, "Ayya," ta rufe jakarta. Ko faɗa ba ta yi mini ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba neman uzuri nake ba, amma ki ji wannan. Shekara huɗu ina canza mata zanin gado, ina ba ta abinci a baki, tana ce mini baiwar Allah. Rana ɗaya na so a ce Etelka ta iya abu, ba 'yar Rozal mai ba da baiti ba, Etelka da kanta. Abin da ya ci ni ke nan, kuma ina jin kunyarsa fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na gwada komai. Na durƙusa na roƙe ta gafara, ta shafa kaina ta tambaye ni ko na ga akuyarta. Na yi mata waƙa ina taje mata gashi, na yi ina wanke kwanoni. Da na fara sai hannunta ya tafi bakinta. Lahadi uku ban je coci ba, na ce wa Gergo ciwon kai. Ya ce, "Wannan ciwon kan naki da ƙararrawar coci yake tashi." Na ajiye shugabancin ma, matar Fasto ta ƙi karɓa.

Ki zage ni yadda kika ga dama, na cancanta.

Yayarki,
Etelka

*

Ulm, 12 ga Yuni

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Na karanta, na zauna a matakala na yi kuka har tsohuwata ta buga ƙararrawa tana nemana.

Na sayi takarda don in zage ki, na kasa. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wannan tsohuwar ba ta yarda ta ci abinci sai na yi mata waƙa. Waƙoƙin Inna nake mata, a hankali, irin namu. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tana buɗe baki in sa cokali. 'Ya'yanta suna ce mini mala'ika. Shekara uku ke nan ina ba uwar wasu abin da na koya a cinyar tawa uwar, ita kuwa tawa na bar miki ita. Bara na sami hutun mako biyu, na ce miki ba su ba ni ba. Ƙarya na yi. Tsoro nake ji in zo ta dube ni ta ce baiwar Allah. Ke kullum sai an ce miki, kuma kina tashi ki ɗora ruwan wanka.

Abin da kika yi ba shi da kyau, ba zan ce yana da kyau ba. Amma hannun da ya rufe bakin shi ne yake wanke ta. Nawa yana nan tsaf, bai taɓa komai ba.

Ga shawarata. Ki daina yi mata waƙa ke kaɗai. Inna ba mawaƙiya ba ce, mai ba da baiti ce, sai ta ga masu jiran ta. Ki je ki sami Goggo Yolan, ki sunkuyar da kai ki sha abin da za ta gaya miki, sannan ki roƙe ta ta tara tsofaffin benci na gaba su zo gida da ɗankwalayensu na coci. Kada kowa ya fara. Su zauna kawai su zuba mata ido yadda suka saba.

Ki koma coci kuma. Matan ƙauye ne kawai za su yi maganarki, kuma sun riga sun yi.

Na nemi hutu a watan Agusta, wannan karon da gaske. Ki gaida Gergo, ki gaya wa Goggo maganin gwiwa yana hanya.

Ƙanwarki,
Aranka

*

Berekalya, 26 ga Yuni

Aranka,

Gaisuwa. Goggo Yolan ta wanke ni tas da faɗa a gaban kajinta, sannan ta ce in dafa shayi ranar Alhamis.

Su shida suka zo. Suka zauna a ɗakin Inna, ni ina tsaye jikin murhu. Aka fi rabin awa, Inna ni kawai take kallo. Can ta jawo hannun rigar Goggo ta ce, "Waccan matar ba ta so." Goggo ta yi mini alama da haɓa, na fita na ja ƙofa.

Ban kai ƙarshen baranda ba na ji muryar Inna. Ta ba da layi, suka ɗauka. Baiti bakwai ta yi, ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Da na shigo da shayi ta yi shiru. Jiya ma sun zo, haka aka yi.

Gergo ya ajiye mini kujera a baranda, bayan ƙofa. Ana ji sosai daga nan, sai dai ba na amsawa, kada ta gane muryar. In kin zo a Agusta ki shiga ki zauna kusa da ita, ki amsa da ƙarfi, har da nawa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki,
Etelka