Man Kanumfari da Amyar Yaya Sagiru

Bunkure

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Rekiya da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan kalau muke. Iya ƙafar ta yi sauƙi, tumatir kuma ya yi kyau bana.

Yaya, albishirinka! Ka tuna na faɗa maka cuta ta shiga amyoyin Baba na bakin kanal ɗin ban ruwa, 'ya'yan zuma suna mutuwa a cikin saƙa, ga wari. Ya ƙona waɗanda suka fi lalacewa, ya ce sauran ma wuta zai sa musu, har da wadda ka saƙa masa kafin ka tafi. Wallahi ranar abinci ya gagare ni, don na san a gindinta yake zama idan kewarka ta kama shi.

Sai ga 'yarka Ilham ta zo hutu daga jami'a da 'yar kwalbar man kanumfari. Ta ce suna gwada shi a kan ƙwayoyin cutar da ke kashe 'ya'yan zuma, ba ta yi alkawari ba, amma a jarraba. To ka san Baba, a wurinsa duk abu mai ƙamshi na turara amya ne. Bai jira bayani ba, ya tsiyaya rabin kwalbar a kaskon garwashi ya kara a bakin amya. Ƙudan zuma suka yo kansa gaba ɗaya, sai ga dattijo tsundum a cikin kanal, hula tana bin ruwa. Iya ta yi dariya har da hawaye.

Ilham ta ce ai ba hayaƙi ake yi ba, ɗigo kaɗan ake sawa a ruwan sukari, manyan su sha su kai wa ƙanana. Abin da ya rage ba zai ishi duka ba, Baba ya ce a fara da taka. Muka yi ta zuba ido. Shekaranjiya ya buɗe marfin, babu wari, 'ya'yan farare tas. Ni kuwa guɗa na rangaɗa, har masu ban ruwa suka ɗago kai.

Ilham ta ce kada mu yi saurin murna, za ta ci gaba da dubawa. Ni dai na riga na yi tawa.

Ka gaishe da Anti Rekiya, da Amiru da Ummul-Khairi. Baba ya ce in gaya maka zumar amyarka ba mai ɗibanta sai kai, ko da za ta shekara tana jira. Yaya, ka zo.

Ƙanwarka,
Nafisat