Kunnen Sadiya

Bagama, Suleja
1 ga Mayu, 2023

Zuwa ga ƙanwata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Bamalli da yara da duk mutanen Giwa. Mu nan sai godiya.

Na san za ki yi dariya ki ce Yaya Mansura ta koma zamanin wasiƙa. To ya zan yi? In na kira waya a tsakar gida kike amsawa, surukarki na gefe tana tsince wake da kunnuwa a buɗe. Shi ya sa na ba Tanimu direba wannan, tunda duk mako yana bi ta wajenku.

Ƙarar 'yarki na kawo. Eh, 'yarki na ce, ki ɓata rai in kin ga dama. Shekara takwas ke nan da na ɗauko Sadiya yaye na hana ta komawa, ban taɓa kuka da ita ba sai bana. Yarinya ta koyi wani irin raini. Sai in kira ta sau uku tana wanke-wanke, ko waiwaye. In zan aike ta, ta tsaya tana kallon bakina kamar na yi mata yare. A makaranta ma ta zame daga ta uku zuwa ta talatin da ɗaya.

Kin san zamana. Ana sallame asuba nake fita in kama motar Abuja kafin hanya ta cushe a Zuba, in yini a kan tukunya ina dafa wa ma'aikata abinci, in dawo ƙafafuna kamar na aro. Ba ni da ƙarfin kiran mutum sau uku. Shekaranjiya dai hannuna ya kufce na kwaɗa mata mari. Ta riƙe kunne ta yi ta kuka har ta ba ni haushi, don marin bai kai nan ba.

Ki rubuto mata 'yar nasiha, ko ta ji tsoron takarda. A gaishe da kowa.

Yayarki,
Mansura

Giwa
9 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, na karanta ta a ɗaki. Allah ya ba da ladan wahala.

Yaya, wace nasiha zan yi a kan abin da yake naki? Ranar da kika goya ta kika fita da ita daga gidan nan, Innarmu ta ce mini, "'Yar fari ba taki ba ce, kada in ga kina bin ta da ido." Inna ta rasu, ni kuwa ban saɓa ba. Ko sunanta kin san ban taɓa kamawa ba. In ta yi laifi ki hukunta ta, ba mai tambayarki dalili.

Ga kuka da daddawa nan na ba Tanimu. Zafin bana ya yi yawa, a riƙa lura da jikin yara.

Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Rahmatu

Bagama, Suleja
5 ga Yuni, 2023

Rahmatu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Yau babu tsokana a bakina.

Ranar Lahadin waccan malamar ajin su Sadiya, Malama Debora, ta zo gidana da kayan cocinta a jiki, don ta ce sau huɗu tana zuwa ba ta same ni ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Maman Sadiya, yarinyan nan ba taurin kai ba ne. Ni na gwada shi." Wai ta tsaya a bayan aji ta saki murfin bokiti a siminti. Yara sittin suka zabura, Sadiya tana ta rubutunta.

A gabana malamar ta ɗaga mata hijabi. Rahmatu, audugar matashin kai ce cushe a kunnen hagu, ta jiƙe da mugunya. Warin ya kai ni har ƙofa. Yarinyar da ke kwana a bayana! Da na tambayi mai yi mata kitso, sai ta ce ai ta daɗe da gani, ta ɗauka na sani.

Na roƙi hutun kwana ɗaya na kai ta asibiti. Likita ya ce dodon kunnen hagu ya lalace, ciwon ya kusa shekara yana ci, kuma ya soma kama na dama. Ya ce da an zo da wuri, maganin sati biyu ne. Na tambaye shi ko marina ne ya jawo. Ya ce ba shi ne asali ba, amma bai ce bai ƙara ba.

A mota na matso kunnenta na dama na ce me ya sa ba ki faɗa ba. Ta ce, "Na faɗa miki, Mama. Kika ce in bari sai kin dawo. Da kika dawo kin gaji." Ban tuna ranar ba, wallahi, kuma rashin tunawar ya fi komai cin raina.

Sannan ta ce, "Kuma na nuna wa Anti Rahmatu da Babbar Sallah."

Ban ce ƙarya take ba, ban ce gaskiya ba. Ke nake tambaya.

Yayarki,
Mansura

Giwa
7 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Yaya,

Bayan sallama da gaisuwa, Allah ya ba 'yar taki lafiya.

Gaskiya ta faɗa. Da kuka zo Sallar bara, ina suyar nama a tsakar gida, mata sun kewaye murhu. Ta zo ta ja mini zani, ta karkato kai ta ce, "Anti, duba nan." Na duba, Yaya. Na ga ruwan yana gangarowa. Sai na ɗago na ga idon surukata a kaina. Na ture hannunta na ce, "Je ki nuna wa mamanki." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce Rahmatu akwai kunya kamar mutanen da. Har daɗin maganar na ji.

Na yi niyyar gaya miki kafin ku tafi, sai na ji tsoron kada ki ce ina binciken riƙonki. Da takardarki ta farko ta zo, ina ganin kin ce ta riƙe kunne na gane. Sau uku ina rubuta miki ki duba kunnenta ina yagewa. Abin da ya fito shi ne maganar zafin bana, kika ƙara wata guda ba ki sani ba.

Da 'yar maƙwabta ce ta nuna mini, a ranar zan kai ta a duba. Autana tari ɗaya yake yi in saɓa mayafi. Ita da ta fara kwana a cikina, ita na tura gaba don kada a ce ba ni da kunya. Ke gajiya ce ta hana ki gani. Ni na gani.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Rahmatu

Bagama, Suleja
12 ga Yuni, 2023

Rahmatu,

Salamu alaikum. Bari batun yafiya, ni da ke duk ba mu ke da bakin yafewa ba.

An fara magani, ruwan ya tsaya. Malama Debora ta dawo da ita bencin gaba. Na roƙi a canza mini aiki zuwa na rana in daina fitar asuba, ba su amsa ba tukuna. Kunnen hagu ya tafi. Na dama likita ya ce ba zai yi alkawari ba, mai yiwuwa ya tsaya inda yake, mai yiwuwa ya ci gaba da raguwa.

Ta ga ina karanta takardarki ina kuka. Ta ce in rubuta miki ki yi haƙuri, wai ba ƙararki ta kai ba, ni na matsa mata. Tana tsoron kada in ta zo Giwa ki ƙi yi mata magana.

Na rubuta kamar yadda ta ce. Sai na ji daga gare ki.

Mansura

Giwa
14 ga Yuni, 2023

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ba zan jira Sallah ba. Malam ya ba ni izini, surukata ta ce abin kunya ne uwa ta bi 'yar fari, na ce mata na ji. Ina cikin motar Tanimu ta mako mai zuwa.

Kada ki faɗa mata komai a madadina. Shekara goma tana da kunne biyu, ban ce mata abin da uwa ke cewa ba ko sau ɗaya. In na iso ki zaunar da ni ta damanta ki ba mu wuri, tun kunnen yana ɗauka.

Sai na zo.

Rahmatu