A Bar Ni In Ƙarasa Jawabina Kan Waƙoƙin Matan Masaƙa

Zuwa ga Shugaban Sashen Hausa,
Kwalejin da muke karatun ƙarshen mako,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran malamanmu. Sunana Rifkatu Bulus, ɗaliba a ajin adabin baka, mazauniyar Kakuri. Na yi ta zarya ofishinka har na gaji, kullum sai a ce mini ka fita ko kana mitin. Shi ya sa na kawo maganata jarida, inda babu mai rufe mini ƙofa.

A masaƙa na ƙarar da ƙuruciyata, a kan injin zare. Da aka fara rage ma'aikata, ni da maigidana duka aka sallame mu. Ban zauna kuka ba, na shiga kwalejinku don in sami takardar koyarwa. Wata firamare a Trikania ta yi alkawarin ɗaukata muddin na kawo takardar. Abu ɗaya ya rage mini, wato jawabin baka a gaban malamai uku. A nan aka kayar da ni, kuma ban yarda ba. Ga dalilaina.

Na farko, ba ni kaɗai na yanke abin da zan yi magana a kai ba. An ce kowa ya zaɓi waƙa ko tatsuniya ya yi nazarinta. Na zaɓi waƙoƙin da mu mata muke rerawa a masaƙa, na kai wa malamar darasin, Malama Hadiza, ta amince. Har cewa ta yi ba ta taɓa ganin wanda ya taɓo su ba.

Na biyu, na yi aikina. Wadda ta ƙirƙiri yawancin waƙoƙin nan ita ce Mama Asabe, tsohuwar abokiyar aikinmu, wadda yanzu ta koma Kakau tana ɗan noma, idonta ya yi rauni. Na ari rikoda na yi ta binta har gona. Na rubuta baitocin, na fitar da jigo da salo da amshi yadda kuka koya mana. Na gwada jawabin a gaban matan zumunta na cocinmu, na gwada wa maigidana har ya haddace shi, yana gyara mini in na tsallake wuri. Ranar jarrabawa Mama Asabe ta ce sai ta zo. Ta ɗaura zanenta na zuwa coci, muka shigo bas tare, ta zauna a bencin baya.

Na uku, kuma shi ne ciwon, ba a saurare ni ba. Ban gama gabatarwa ba malamin da ya jagoranci zaman ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, “Wannan ai ba adabi ba ne, surutun 'yan ƙwadago ne.” Na ce ya yi haƙuri in kai ga misalai. Sai ya kwaikwayi yadda nake faɗin wata kalma, ya ce in je in koyo Hausa tukuna. Wasu ɗalibai suka yi dariya. Malama Hadiza ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce a kira na gaba. Ko tambaya ɗaya ba a yi mini ba. To, ranka ya daɗe, me aka auna har aka ba ni makin faɗuwa?

A hanyar komawa, da muka haye gada, sai Mama Asabe ta riƙe hannuna ta ce, “Rifkatu, waƙar tawa ce ba ta yi musu ba?”

Na huɗu, batun Hausata. I, ni 'yar kudancin jihar nan ce, ba da Hausa na fara magana ba, kuma ana ji a bakina. Ba zan ba kowa haƙuri a kan wannan ba. Da ita nake ciniki a kasuwa, da ita nake addu'a, da ita na rene 'ya'yana. Da ita kuma na ci duk jarrabawoyin rubutu na sashenka. In akwai dokar da ta ce sai mai harshen Kano ko Zariya zai ci jarrabawar baka, a fito da ita, a kuma gaya mana me ya sa aka karɓe mu tun farko.

Na biyar, a zamanin soja ƙasa-ƙasa muke rera wasu daga cikin waƙoƙin nan, ƙarar inji tana rufa mana asiri, domin suna maganar albashin da ba ya fita da bulalar da aka sha a bakin get ɗin masaƙa. Yanzu soja sun koma bariki. Na shiga layi a rana na jefa ƙuri'a kamar kowa. Ban yi haka don a sake ce mini in yi shiru a cikin aji ba.

Ba alfarma nake nema ba, ba kuma maki kyauta ba. Ina roƙon a soke wannan sakamako, a sa mini wata rana, a gaban malamai waɗanda za su bar ni in kai ƙarshe. Su yi mini kowace irin tambaya. In sun saurara suka ga ban ci ba, zan karɓa in sake shiri. Ina kuma roƙon a ja wa wancan malami kunne, don akwai ƙannenmu da yawa da ke tafe a bayana masu irin harshena.

Amma in sanar da kai abu biyu. Ba zan canja batu ba, ko wa ya ba ni shawarar haka. Kuma daga Asabar mai zuwa za ka riƙa samuna zaune a ƙofar ofishinka da takarduna, har ranar da za a kira ni ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci a kan kujerar da ya ɗora ka.

Wassalam.

Taka ɗaliba,
Rifkatu Bulus,
Kakuri, Kaduna.