Burodin da Baba Malam Ya Ci da Cokali

Zongo, Lome

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau.

Yaya, na sha kunya. Ran Lahadi surukina Baba Malam ya biyo gidanmu daga masallaci, na ce bari in burge shi da burodin nan da kika koya mini, wanda ake tsomawa cikin ƙwai da madara a soya. Kin ce sai da burodin jiya, amma ina ni ina ba uban mijina kwantai? Na sayo sabo, da zafinsa. Ina tsomawa ya jiƙe sharkaf, a kasko kuma ya dagargaje. Ga ƙwai ya ƙare, haka na kai masa.

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “’Yata, taimaka mini da cokali.” Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya cinye tas, har ya sa mini albarka. Da ma faɗa ya yi mini!

Ki gaida Inna da maigidanki. Ku sa ni a addu’a, don ya ce Lahadi mai zuwa zai kawo liman shi ma ya ɗanɗana.

Ƙanwarki,
Hadiza